Agogon Zuhairu

Rumfata a Tudu take, bayan tashar mota:
tebur guda, gilashin ido guda,
da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi.
Shekara ashirin da shida ina buɗe cikin agogo,
har na ɗauka na san lokaci ciki da bai.

Ran wata Talata Zuhairu ya zo,
Bafalasɗinen nan mai sayar da injin ban ruwa a Kaneshi.
Ya ɗora agogon mahaifinsa a tafina
kamar mai miƙa ɗan tsako.
Na ce, “Awa biyu yake gaba.”
Ya ce, “Bar shi, lokacin gida ne.
Numfashinsa kawai za ka gyara.”

Ni kuwa bakina ba linzami.
Na hau ƙorafin cunkoson Sakul,
yadda torotoro ta dafa mu tun daga Nima,
yadda ɗan sanda ya tare mu a Kanda
sai da direba ya saki sidi biyar.
Ya yi murmushi.
“Biyar kacal? Kuma kuka wuce?”

Ƙanwarsa Maisun malamar lissafi ce.
Daga ƙofarta zuwa ajinta, in ji shi,
bai kai Nima zuwa nan ba.
Da kokon Hajiya Kande za ka ɗauko
da zafinsa za ka iso.
Amma kafin ladan ya yi gyaran murya
tana tsakanin ƙarafa,
lungu mai faɗin kafaɗa ɗaya,
gabanta magini, bayanta mai ciki.
Ƙofar ƙarfe ta juya, ta haɗiye mutum uku, ta ƙame.
Jar fitila.
Koriya.
Ja.

Yaron da ke bayan gilashi, bindiga a ƙirji,
bai ba ɗalibanta shekara uku ba.
Ya dubi takarda, ya dubi fuska,
ya koma kan wayarsa.

A tsaye take duba jarrabawa,
gadon bayan mutumin gabanta ne tebur.
Wata rana minti arba’in.
Wata rana har azahar.
Wata rana a ce kowa ya koma,
in ka nemi dalili
shi ma dalilin bai samu izinin ƙetarowa ba.
Yara sun daina tambayar ina malama,
sai dai su ce, “An buɗe?”

Na cire murfi. Ƙura ce kawai da tsohon mai.
Amma fatar ta lanƙwashe a baibai,
gilashin ya goge ta inda bai kamata ba.
Ya ga ina juya shi.
Ya ce, “Baba ta ciki yake ɗaura shi,
fuskar ta kalli jijiya.
Shekara tara yana bin layin nan zuwa gonarsa,
ya ce bai son agogo ya ga abin da ake yi masa.”

Na hure, na ɗiga mai, na rufe.
Na kara a kunne: ƙis, ƙis, ƙis.
Wayarsa ta yi haske, ya duba.
“Ta wuce. Yau da sauƙi, darasi biyu kawai ta rasa.”
Ya ciro kuɗi, na ce ya mayar.
Ya ajiye su ƙarƙashin gwangwani ya tafi.

Da yamma ban hau mota ba.
Na tako da ƙafa ta Adabaraka,
ina lissafin inda shinge zai zauna:
nan bakin gada, nan gaban mai gasa ayaba,
nan kwanar masallaci.
Ba wanda ya tambaye ni sunan ubana.
Na iso gida magariba ba ta yi ba,
mabuɗi a hannuna,
na daɗe tsaye a ƙofa
har Lantana ta leƙo ta taga ta ce,
“Sallau, wa ya hana ka shiga?”